Masu Gadin Lambu da Ido Ba Ya Gani

 Maganarmu ta yau bisa wata cuta ce wadda ta ke cinye wahalar mai lambu bayan ya riga ya ƙidaya ribarsa, da kuma hanyar da masana suka gano ta yaƙarta da waɗansu halittu ƙanana masu rai.

Kowa ya taɓa cinikin mangwaro ya san abin nan. A tsinko shi ɗanye shar, fatarsa sumul ba tabo ko ɗaya, a zuba cikin kwanduna, a loda a mota daga Binuwai ko kudancin Kaduna. Bayan 'yan kwanaki, sa'ad da ya fara nuna a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙi sun ɓullo masa. Kan a jima sun faɗaɗa sun haɗe, wurin ya lotsa, ya ruɓe. Dillali ya ce mai lambu ya cuce shi, mai lambu ya ce zafin mota ne, alhali kuwa cutar ta daɗe da shiga, tun mangwaron yana ƙarami bisa uwarsa.

Asalin baƙin tabo

Masana suna kiran wannan cuta antaraknos. Mai kawo ta wani irin fumfuna ne, dangin wanda ku ke gani ya yi gashi-gashi bisa tuwon da ya kwana biyu. Shi fumfuna ba ya fure kamar itace. Irinsa wata ƙura ce mai laushi ƙwarai, wadda ba a iya rarrabe ƙwayarta sai da madubin likita. Wannan iri ya kan ɓuya cikin busassun rassa, da ganyen da ya yi tabo, da 'ya'yan bara waɗanda suka ƙandare bisa itace ba su faɗo ba. In ruwan sama ya sauko, ko raɓa ta yi nauyi har tana ɗiga, sai ruwan ya fantsama shi bisa fure da ƙananan 'ya'ya. In wurin ya zauna a jiƙe sa'o'i da dama, sai irin ya tsira, ya manne wa fata.

To, ga inda makircinsa ya ke. Ɗanyen mangwaro yana da wani magani da Allah ya sa cikin fatarsa, wanda ya ke hana fumfuna ci gaba. Saboda haka sai ya laɓe ya yi shiru, har makonni masu yawa, ba wanda ya san yana nan. Ran da mangwaro ya fara nuna, maganin nan ya ragu, zaƙi ya ƙaru, sai ya farka ya hau ci. In kuwa fure ya kama, sai furen ya yi baƙi ya kakkaɓe, itace ya tashi ba 'ya'ya. Haka kuma ya ke yi wa gwanda da gwaiba da ayaba da fiya.

Mutanen Kano da Katsina da Sakkwato suna da sauƙi kaɗan, domin mangwaronsu ya kan yi fure da hunturu, lokacin da iska ta ke bushe. Ɓarnar ta fi yawa a ƙasashe masu laima, da kuma irin mangwaron da ba ya nuna da wuri, wanda ruwan farkon damina ya ke tararwa bisa itace.

Maganin feshi da iyakarsa

Tun a 1885 wani malami a Faransa, Millardet, ya bayyana wa manoman inabi cewa in an haɗa gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi da farar ƙasa, aka dama da ruwa aka yayyafa, fumfunan da ya addabi inabinsu ba ya kamawa. Har yau ana aiki da magungunan jan ƙarfe, a lambun mangwaro ma. Daga baya kuma aka ƙago waɗansu masu ƙarfi da su ke ratsa jikin itace, kamar wanda a ke kira benomil, da ya fito a 1968. Lalle sun yi amfani, ba mai musun haka.

Amma fa an ga illa uku. Fumfuna ya kan saba da magani, kamar yadda sauro ya ke sabawa: in an yi feshi, dubu suka mutu, ɗaya mai taurin rai ya tsira, to, 'ya'yansa ne za su cika lambu baɗi. Benomil bai yi shekaru da yawa ba aka fara samun fumfunan da ba ya jinsa. Sa'an nan jan ƙarfe ba ya narkewa ya ɓace, taruwa ya ke yi cikin ƙasa shekara da shekaru. Ga kuma saura da ya ke zama bisa fatar abin da yara za su ci, wanda saboda shi ƙasashen Turai su ke auna kayan da a ke kai musu, su mai da wanda ya wuce haddi. Wannan ya sa masana suka koma neman mataimaki wanda fumfuna ba zai saba da shi da sauƙi ba.

Abin da ya ke cikin daddawa

Yawancinmu in an ce ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai tunaninmu ya tafi ga cuta. Gaskiya kuwa, masu cutarwa su ne kaɗan a cikinsu. Wani ɗan kasuwar yadi na ƙasar Holan, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu da madubin da ya wasa da hannunsa, a 1676. Yanzu an san cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya daga miliyan 100 har zuwa miliyan 1,000. Su ne su ke mai da juji taki, su ne su ke mai da madara kindirmo, wata ƙwaya dabam kuma, watau yis, shi ya ke kumbura burodi.

Ku dubi daddawa. Mace ta dafa kalwa, ta surfe ta wanke, ta sāke dafawa, ta zuba cikin ƙwarya ko kwando ta lulluɓe. Bayan kwana biyu ko uku ta buɗe, ta tarar ta yi yauƙi, ƙamshinta ya cika gida. Da masana suka binciki abin da ya yi wannan aiki, sai suka tarar mafi yawa wata ƙwaya ce mai suna Basilus sabtilis. To, ita wannan ƙwaya da 'yan'uwanta na kusa, su ne yau a ke zubawa cikin famfon feshi a ƙasashe da yawa, a fesa wa mangwaro da inabi da fiya don tsare su daga fumfuna. Ashe abin da iyayenmu mata su ke reno cikin ƙwarya tun kaka da kakanni, danginsa ne su ke gadin lambuna a wani ɓangare na duniya.

Yadda aka fara

Wani babban tushe na wannan ilmi daga gandun renon lemo ya fito. A Kalifoniya ta Amurka, masu renon dashen lemo suna fama da wani fumfuna na cikin ƙasa, wanda ya ke cin gindin tsiro tun yana ɗan mitsitsi, ya karye ya kwanta. A 1932 wani masani, Richard Weindling, ya duba cikin madubi ya ga abin mamaki. Wani fumfuna dabam, kore, mai suna Tirikodama, ya kan miƙa zarensa ya nannaɗe zaren mai cutar kamar yadda kauci ya ke kama reshe, ya tsotse shi har ya mutu. A 1936 shi da wani malami, Fawcett, suka bayyana gwajin da suka yi bisa dashen lemo. Sun tarar Tirikodama yana tsare tsiro, amma sai in ƙasar tana da ɗan tsami. Tun daga ranar farko ke nan aka gane cewa mai gadin nan rayayye ne, yana da wurin da ya ke so da wanda ba ya so.

Masana sun rarrabe hanyoyin da waɗannan halittu su ke yaƙi. Akwai ci kai tsaye, irin na Tirikodama, wanda ya ke fitar da wani ruwa mai narkar da bangon zaren fumfuna. Akwai dafi: Basilus ta kan fitar da waɗansu sinadarai da su ke huda fatar irin fumfuna tun bai tsira ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga likitoci, gama ta haka aka sami fanisilin, sa'ad da Fleming ya ga wani fumfuna yana kashe bakteriya a 1928. Akwai kuma riga zama: in masu amfani suka cika fatar ɗan itace, suka cinye ɗan zaƙin da ya ke tsattsafowa, to, in baƙo ya sauka ba shi da masauki, ba shi da abinci. Ta ƙarshe ita ce tā da itacen kansa daga barci, domin in ya ji motsinsu a jikinsa ko saiwarsa, sai ya ƙara shirin kare kansa, mai cuta ya zo ya tarar an rufe ƙofa.

Inda aka gwada aka gani

Ƙasar Meksiko tana cikin manyan masu sayar da mangwaro ga ƙasashen waje, baƙin tabo kuwa ya kan hana kayansu shiga kasuwa mai tsada. Sai malaman babbar jami'ar ƙasar, da ke aiki a garin Kuwanabaka, suka haɗa kai da masana na jihar Sinalowa, inda a ke noman mangwaro da yawa. Suka bi lambuna suna tattara ƙwayoyin da su ke zaune bisa ganyen mangwaro, suka gwada su ɗaya-ɗaya, har suka zaɓi wata Basilus da ta fi sauran ƙarfi. Bayan aikin fiye da shekara 10, a 2012 suka fito da ita kasuwa a matsayin gari mai suna Fungifree AB, wanda a ke damawa da ruwa a riƙa fesawa tun daga fure har tsinka. Abin da ya sa ta iya zama gari shi ne, ita Basilus in ta ji wuya sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri, ta jure zafi da fari, sai ta ji laima kāna ta farka.

A Afirka ta Kudu kuma, wata malama a Jami'ar Firitoriya, Lise Korsten, ta yi irin wannan aiki bisa fiya, aka sami magani mai suna Avogreen, wanda shi ma Basilus ne, don tabon da ya ke ɓata 'ya'yan fiya.

Lemo yana da tasa cutar bayan tsinka, watau koren fumfunan nan da ya ke tashi kamar hayaƙi in an taɓa ruɓaɓɓen lemo cikin buhu. Shi ba ya iya shiga sai ta rauni, sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. A 1995 hukumar Amurka ta yarda da magani biyu masu rai don wanka wa 'ya'yan itace bayan tsinka: Aspire, wanda ya ke yis ne, da Bio-Save, wanda ya ke bakteriya ce. Aikinsu shi ne su riga koren fumfuna shiga raunin su cika shi.

Wanda ya ke son shaida kusa da gida, ya dubi masara da gyaɗa. Wani fumfuna ya kan kama su ya bar dafi mai suna afalatoksin, mai lalata hanta, wanda ya kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun, watau Ibadan, tare da masanan Amurka, ta tsamo 'yan'uwan wannan fumfuna guda huɗu daga ƙasar Nijeriya, waɗanda ba su yin dafi. Aka shafa irinsu bisa gasasshiyar dawa mai launin shuɗi, aka kira ta Aflasafe, aka yi mata rajista a 2014. Manomi ya kan watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marasa dafin su riga masu dafi cika gona. An sami raguwar dafin da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Da ɗan gari a kan ci gari, dabarar kuwa ita ce dai ta mangwaron Meksiko.

Iyakar ƙarfinsu

Kada masu karatu su ɗauka an sami maganin da ya kori kome. Masu gadin nan tsarewa su ke yi, in ɓarawo ya riga ya shiga ɗaki ƙarfinsu kaɗan ne. Mangwaron da tabo ya riga ya fito masa, ko an yi masa wanka da su ba ya komawa lafiya. Rana mai zafi ta kan kashe da yawa daga cikinsu bisa ganye, ruwa mai ƙarfi ya kan wanke su, saboda haka sai an maimaita feshi. A shekarar da ruwa ya yi yawa, cuta ta yi ƙarfi, sau da yawa su kaɗai ba su isa ba, sai masu lambu su riƙa musanyawa, wannan karo mai rai, wancan karo na jan ƙarfe, ta haka su rage yawan guba ba su yi hasarar amfani ba. Shi kansa Aspire da muka ambata ya bar kasuwa bayan 'yan shekaru, domin aikinsa bai riƙa fita daidai a kowane wuri ba.

Kada kuma wani ya ji labarin daddawa ya jiƙa ta ya fesa wa itace. Basilus zuriya ce mai yawa, kamar yadda dawaki su ke da yawa amma ba kowanne a ke kaiwa sukuwa ba. Wadda a ke sayarwa an zaɓo ta ne daga ɗaruruwa, an gwada ƙarfinta, an tabbatar ba ta cutar da mutum, an kuma auna yawan da ya kamata ya shiga ruwa.

Abin da mai lambu zai yi

Na farko, tsabta. Da an gama tsinka, a sassabe busassun rassa, a sauko da 'ya'yan da suka ƙandare, a share ganyen da ya zuba, a ƙone ko a binne nesa. A rage rassan tsakiya don iska da rana su ratsa, itace ya riƙa bushewa da wuri bayan ruwa. In ba a yi wannan ba, kowane irin magani ɓarnar kuɗi ne.

Na biyu, a ciyar da ƙasa da takin da ya ruɓe sarai, gama a cikinsa masu amfani su ke hayayyafa, har da Tirikodama. Masu renon dashe su ne suka fi kowa bukatar wannan. A kuma daina tara ƙasa ko ruwa a jikin gindin lemo, domin ta nan cutar da ta ke sa shi tsiyayar ƙaro ta ke shiga.

Na uku, wanda ya sami magani mai rai, ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace, ya nemi shawarar malamin gona. Ya ajiye shi a inuwa mai sanyi. Kwalbar da ta yini cikin rana bisa teburin ɗan kasuwa, mai yiwuwa gawa ce a ciki.

Na huɗu, a fara tun ana fure, ba a fafe gora ranar tafiya. A yi feshi da yamma in rana ta yi sanyi. A wanke famfon feshi sarai tukuna, kada kuwa a gama Tirikodama da maganin fumfuna cikin ruwa ɗaya, gama shi ma fumfuna ne, mutuwa zai yi.

Na biyar, a tsinka da hannu ko da gora mai jaka, a daina kaɗowa da sanda ya faɗo ƙasa. A ware mai rauni daga mai lafiya, a shimfiɗa abu mai laushi cikin kwando. Masu ma'aunin zafi suna iya tsoma ɗanyen mangwaro cikin ruwa mai zafin daraja 52 har minti 5, sa'an nan su shanya a inuwa, wannan ya kan kashe da yawa daga fumfunan da ya laɓe. Wanda ba shi da ma'auni kada ya yi da ka, sai ya dafa kayansa.

Na shida, kada a gaskata mai talla sai an gwada. A fesa wa itace 10, a bar 10 irinsu ba feshi. Ran tsinka a ɗebi 'ya'ya 50 daga kowane kashi, a ajiye dabam-dabam har su nuna, a ƙidaya masu tabo. Gani ya kori ji.

Kira ga masana da hukuma

Darasin da ya fito daga Meksiko da Badun guda ne: mai gadin da ya fi aiki shi ne wanda aka tsamo daga ƙasar da zai zauna, wanda ya saba da zafinta da hunturunta. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, muna da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT mai reshe a Bagauda da Daɗin Kowa, ga jami'o'i cike da samari masu ilmi. Muna roƙonsu su bi lambunan mangwaro da gwaiba da lemo na ƙasar nan, su nemo masu gadin da su ke zaune bisa ganyenmu, su gwada su a lambun manomi inda kowa zai gani. Hukuma kuma ta taimaka da kuɗin aikin, ta sa ido bisa masu sayar da jabu, domin in manomi ya sayi ruwan banza sau ɗaya, ba ya sāke yarda ko an kawo masa na gaskiya.

Ku kuma masu lambu, tsabtar itace da taki da tsinka a hankali suna hannunku tun bana, ba sai kun jira kowa ba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa, gama ƙurar fumfuna ba ta san iyakar lambu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfaninmu, amin. Haza wassalam.